Na Hana Shi Shiga Gidana, Na Kusa Raba Shi da Aikinsa

A lokacin da abin nan ya faru ni malami ne a wata unguwa ta Alsawra da ke birnin Omdurman na ƙasar Sudan, na haura shekara hamsin, kuma ina ji da kaina fiye da kima. Kakana ya baro ƙasar Hausa zai tafi aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a Omdurman, ya zauna yana koyar da karatu, ni ma abin da na gada ke nan. Sai dai nawa ɗaliban rabinsu suna Jidda, 'ya'yan danginmu ne, ta waya nake biya musu karatu muna kallon juna. Shi ya sa na nemi wani kamfani ya ja mini layin intanet, irin waɗanda ke kawo rauta, wato na'urar da ke watsa intanet a gida, da kansu, su kuma riƙa kula da ita daga ofis.

Wanda suka turo wani magidanci ne siriri mai sanyin murya. Muna gaisawa na gane namu ne, iyayensa sun yi ƙwadagon auduga a gonakin Jazira na nan Sudan. Ya tambaye ni inda nake karantarwa, na ce ɗakina na can ƙuryar gida. Ya ce to bangon tsakar gida ne ya dace da rautar. Nan take na haɗe rai, na ce namijin da ba muharrami ba bai taɓa wuce zaurena ba. Ya roƙe ni, yana kira na Baba Malam, a ce wa iyali su shige ɗaki na minti goma kawai. Na ƙi. Ya nuna mini wayarsa, ga sunayen rautocin shagunan bayan zaure sun yi jeri, ya ce kamar mutum ashirin ne ke magana lokaci guda a ɗaki ɗaya. Ya ce ofis na iya sauya wa rautar hanya idan ta cushe, amma ba ya iya ɗauke bango uku. Na ce aiki na kira shi, ba wa'azi ba. Ya kafa ta a zaure. Yana fita na sauke ta na kulle a kabad ɗin ƙarfe na zauren, tana kunne, don kada baƙi su taɓa mini ita.

Daga ranar karatu ya lalace. Ɗalibi na tsakiyar aya sai fuskarsa ta daskare, iyaye suka fara ƙorafi. Sau biyu ofis suna sauya mini hanya daga can, babu wani sauƙi. Sai wani a ƙofar masallaci ya ce masu wannan aiki kan sayar da sabuwar na'ura su maƙala wa mutum tsohuwa. Ban bincika ba. Na rubuta takardar ƙarar mutumin da hannuna cewa tsohuwa ya maƙala mini, kamar a gabana aka yi, na kai. Suka dubi gemuna da rawanina suka karɓa, aka dakatar da shi.

Wata Juma'a bayan la'asar sai ga sallamarsa, ba rigar kamfani, matarsa na bayansa. Na zaci rigima ya zo, har na gyara zama. Sai ya ce ya ji har yanzu karatun yara na yankewa, abin ya tsaya masa a rai, ko zan yarda maiɗakinsa ta shiga a madadinsa. Ta karɓi wayarsa tana zagaya ɗakuna tana faɗo masa ƙarfin intanet ɗin da ta gani, shi kuwa yana zaune a tabarma ya juya wa ƙofar cikin gida baya. Da ya ga inda na kulle rautar makulli kawai ya nema. Ya jefa igiyar rautar ta saman katanga, matarsa da tawa suka buga ƙusa suka rataya rautar a bangon tsakar gida. Na kira Jidda, murya ta fito tas. Ya sha shayi, ya yi mini addu'a, suka tafi.

Bayan tafiyarsu iyalina ta faɗa mini abin da matar ta gaya mata. Kamfani ya duba lambar na'urar ya ga sabuwa ce, sai laifin ya koma kan cewa bai iya aiki ba, tunda ya kafa ta a wurin da bai dace ba, kuma a makon nan za a sallame shi. An tambaye shi dalili ya ƙi faɗa, wai ba zai kai maganar cikin gidan malami gaban ma'aikata a mayar da ita abin dariya ba. Yara biyar gare shi. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ranar Lahadi da safe na tsallaka Khartoum, na tsaya gaban shugabansu da duk wanda ke ofis, na ce ni na hana shi shiga, ni na kulle rauta a ƙarfe, kuma ƙarya na yi masa. An mayar da shi aiki, amma takardata ta riga ta shiga fayil ɗinsa, aka tura shi reshen Soba, can bayan Khartoum, mota biyu kullum kafin ya isa. Da na nemi gafararsa sai ya kama hannuna ya ce in daina, ya yafe tun ranar farko.

Shekara talatin ina koyar da haramcin zato da ƙazafi, sai a wurin mai ɗaura waya na ga yadda ake rufa wa mutum asiri. 'Yan'uwa, idan kun kira mai sana'a ku saurare shi, in kuma kun ƙi shawararsa kada ku ɗora masa sakamakon. Mu da ake gaskata maganarmu ba tare da an nemi shaida ba, mu ya fi kamata mu ji tsoron alƙalaminmu. Ni dai tawa rautar tana aiki lafiya, shi kuma har yau yana hawa mota biyu saboda ni.