Jirgin da ya fito da ni daga ɗaki

Shekarun baya, lokacin da acaɓa ke cin kasuwarta a Minna, keke mai ƙafa uku bai cika gari ba tukuna, ina cikin samarin da ke haya da babur a Barkin Sale. Na gama difloma aiki bai samu ba, sai kawuna ya ba ni babur ya ce in riƙa juyawa kafin Allah ya kawo. Na kuwa riƙe sana'ar hannu biyu, har an san ni da gudu, abin da a lokacin nake ɗauka yabo ne.

Wata rana na je Kagara gaishe da kakata. A hanyar dawowa wata motar doya ta kwashe ni da babur ɗina a kwana. Ban san yadda aka kai ni asibiti ba. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, amma daga ƙarshe sai da aka yanke mini ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa.

Da aka sallamo ni, na shige ɗaki na ja labule. Ciwon ya warke, amma ni na ƙi fita. Banɗaki kawai ke fitar da ni tsakar gida, shi ma sai na leƙa na ga ba kowa. Sandunan da aka ba ni a asibiti na jingine su bayan ƙofa har gizo-gizo ya yi saƙa a jikinsu. Abin da nake gudu idon mutane ne, da wannan "Allah sarki" da ake faɗa a hankali bayan ka wuce. Masu zuwa dubiya suka yi ta zuwa ina yi musu barcin ƙarya, har suka gaji suka ɗauke ƙafa. Mahaifiyata, wadda ke toya waina a ƙofar gida tun rasuwar mahaifinmu, ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta koma addu'a.

Mutum ɗaya ne bai gaji ba, abokina. Gidan haya ɗaya muka tashi. Iyayensa daga kudancin Kaduna suka zo, Kiristoci ne, mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa. Tare muka ci wainar sallah, tare muka ci shinkafar Kirsimeti. Shi walda ya koya, yana da rumfa a Sabon Gari. Kullum ya tashi aiki sai ya biyo, yana warin ƙonannen ƙarfe, ya zauna a bakin ƙofata ya yi ta zuba ko na amsa ko ban amsa ba. Hausarsa kuwa ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne. Mahaifiyata ta gyara masa tun yana yaro har ta haƙura.

Ran nan da yamma ya shigo yana haki. Ya ce, "Mutumina, ka ji abin da wani Bature zai yi? Na gani a talabijin ɗin mai aski. Zai zagaya duniya a jirgin sama, shi kaɗai, ba zai sauka ko'ina ba, ba zai tsaya shan mai ba."

Na ce ƙarya ne, ina kallon bango.

Sai ya ciro allin da yake yi wa ƙarfe alama da shi, ya durƙusa ya fara zane a simintin ɗakina. Ya zana dogayen fukafukai sirara, ya zana jiki uku a jere. Ya ce na gefe biyun nan duk mai ne a ciki, fukafukan ma mai ne, na tsakiyar kuma ɗan akurki ne inda mutumin zai zauna, ko miƙewa tsaye ba zai iya ba. Inji ɗaya tal a bayansa. Ya ce don wannan tafiya kaɗai aka ƙera jirgin, babu irinsa.

Ban san lokacin da na juyo ba. Na ce, "To barci fa?"

Ya ce, "Gyangyaɗi kawai."

"Fitsari fa?"

"Kai ma ka san akwai gora."

Na yi dariya, dariyar da na manta yadda ake yinta. Amma nan da nan na ɗaure fuska na ce ba zai kai ba, faɗuwa zai yi. A wancan lokacin duk wanda na ji ya tashi yin wani babban abu, faɗuwarsa nake fara hangowa. Abokina ya kalle ni ya ce, "Idan ya kai fa?" Na ce ba zai kai ba. Ya ce, "Idan ya kai, za ka bi ni Sabon Gari ka gani da idonka a talabijin." Na ce na yarda, don na tabbata ba inda za ni. Ya ɗaga murya ya ce, "Mama, ka ji ko? Kai ne shaida." Daga tsakar gida mahaifiyata ta ce ta ji.

Ya bar mini 'yar rediyonsa. Ranar da jirgin ya tashi na fara kamo tashoshi, na Hausa da na Turanci, ina murɗa eriya kamar mai neman ɓataccen ɗan'uwa. Labarin bai da yawa, a ƙarshen labaran duniya ake ɗan saka shi. Amma ni da na yi watanni ban damu da sanin ko yau wace rana ce ba, sai ga ni ina jiran lokacin labarai. Kafin wani lokaci na zama gwanin harkar jirage daga kan tabarma, ina yi wa mahaifiyata bayanin iskar da ke tura jirgi ta baya, ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba.

Ita abin da ya dame ta daban. Ta ce, "Shi kaɗai, ba ko mai miƙa masa ruwa? Kuma iyalinsa suka bar shi ya tafi?" Na ce ai akwai masu yi masa magana daga ƙasa. Ta ce, "To da sauƙi. Mutum in yana jin muryar wani, ba ya ɓata."

Ana cikin haka sai labari ya canza. Aka ce masu lura da tafiyar sun gano man da ke jirgin bai kai yadda ake zato ba, wani ya zube tun farkon tafiya. Ga shi kuma babban teku ne a gabansa. Ko dai ya sauka a wani tsibiri tafiyar ta lalace, ko ya ci gaba ya dogara da iska. Ya kamata in yi murna, tunda na ci gardama. Na ma buɗe baki zan ce "ban faɗa ba?" sai na fasa. Abincin rana na nan a rufe ban taɓa ba. Na zauna ina tunanin mutumin nan a ɗan akurkinsa, ƙafafu a sage, ruwa ta ko'ina, yana kallon allurar mai tana sauka. Na san wannan kallon, duk mai haya da babur ya san shi, sai dai ni in nawa ya ƙare turawa nake yi zuwa gidan mai.

Da abokina ya zo da yamma ya tarar da ni rungume da rediyo. Ya ce, "Ka ci gardama, mutumina." Na ce masa ya yi mini shiru ana magana. Mahaifiyata ta idar da la'asar a bakin ƙofa, na ji ta tana cewa, "Allah ka saukar da bawan nan naka lafiya, shi ma ɗan wani ne." Abokina ya ce amin, ni ma na ce amin. Daga baya aka ce ya zaɓi ya ci gaba.

Washegari ko bayan washegari, ba zan iya tunawa daidai ba, na kunna rediyo bayan sallar asuba na ji an ce ya sauka a filin da ya tashi, lafiya lau. Na buga tabarma da hannu don daɗi. Sai kuma na tuna alkawari.

Hantsi bai gama ɗagawa ba abokina ya iso. Ya ɗauko sandunan daga bayan ƙofa, ya goge su da gefen rigarsa, ya miƙo mini. Na ce ai na ji a rediyo, ya isa. Mahaifiyata ta leƙo da kaskon waina a hannu ta ce, "Ni aka sa shaida." Ta ajiye mini wankakkiyar riga ta koma.

Daga gidanmu zuwa bakin titi ba nisa, amma ranar na ji kamar Kagara zan koma da ƙafa. Hammatata na zafi, zufa na zuba, sandar dama ta zame a bakin kwata, abokina ya taro ni. Na sunkuyar da kai ina jiran "Allah sarki". Abin da na fara ji muryar mai shayin unguwarmu ce: "Kai, dama kana garin nan? Na ɗauka Abuja ka koma." Wata tsohuwa ta yi mini barka da fitowa, ta wuce abinta. Yawancin mutane ma harkar gabansu suke yi. Sai na ji har da ɗan haushi, wato duk ɓuyan da na yi, gari bai tsaya ba.

A bakin titi abokan sana'ata na da suka yanyame ni, kowa na cewa shi zai ɗauke ni. Nan ne na turje, don tun ranar hatsarin ban ko kalli babur ba. Wani dattijo a cikinsu, wanda a da nake yi wa tsiyar tafiyar hawainiya, ya ce, "Hau nawa, ɗana, ni ka san ba na sauri." Na hau, abokina ya riƙe sanduna ya hau wani. Na ƙanƙame rigar dattijon nan kamar zan yaga ta. Mai keke ya wuce mu, ban ce a ƙara wuta ba.

A shagon mai aski an ɗauke wuta, sai da aka tayar da janareta, muka zauna jiran labarai. Da aka nuno shi, jirgin ya fi zanen abokina kyau nesa ba kusa ba, fari, siriri, yana saukowa a hankali. Aka buɗe wata 'yar ƙofa, sai ga dattijo mai furfura ya fito da ƙyar, ƙafafunsa na rawa, yana murmushi. Ni duk zatona saurayi ne majiyi ƙarfi. Kafin in gyara zama an wuce wani labarin. Na ce, "Shi ke nan?" Abokina ya yi dariya har da riƙe ciki.

Tunda na riga na zo, ya ce in zauna a rumfarsa in huta. Can ya ce in ɗan riƙe masa wani ƙarfe, yaronsa bai zo ba. Na riƙe. Ya ce kar in kalli wutar, na kalla. Washegari na tashi idanuna jajur kamar an zuba barkono, amma na ɗauki sanduna na koma. Haka na koyi walda a zaune. Daga baya na samu ƙafar roba. Yau rumfar ta zama shago, tamu ce mu biyu, muna yin ƙofofi da tagogi, muna kuma ƙera keken hannu na masu lalurar ƙafa, wanda ni nake fara gwada kowanne kafin a ba mai shi.

In na tuna wannan lokaci, abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda damuwa da halin wani, wanda bai ma san ina duniya ba, ta sa na manta da nawa na ɗan lokaci, kuma wannan ɗan lokacin ya isa. Na kuma gane cewa mai ciwo irin nawa ba kullum nasiha yake buƙata ba. Wani lokaci wanda zai zauna a bakin ƙofa ya yi ta surutu, bai yi fushi ba, bai daina zuwa ba, shi ne magani.

Kwanakin baya muna cin abinci a gidanmu na tambayi abokina, da jirgin nan ya faɗa teku fa, ya zai yi da ni? Ya ce ai ya riga ya shirya, ihun gobara za a yi a tsakar gida, a ga ko ba zan fito ba. Na juya na kalli mahaifiyata, ta tsufa yanzu, tana jan carbi a kan darduma. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ni aka ce in fara ihun."