Acca Mai Yashi ta Mama Saratu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka raka Mama Saratu gida, can ƙauyensu wajen Kafanchan, muka kwantar da ita kusa da mijinta. Duk shekara idan watan ya zagayo, nakan je coci in zauna a bencin da take zama, in dawo da idanu jajir. Bana kuwa da dariya na tashi. Maigidana har sai da ya tambaye ni ko lafiya, na ce masa ya ƙyale ni, labari ne da ni mai daɗi da nake son ba uwarsa, tunda kuma ba ta nan, masu karatu za su sha shi.

Uwar mijina ce. Gajeriya ce, mai ƙarar dariya, ga saurin tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. A Kakuri ta yi zamanta, cikin gidan haya mai ɗakuna a jere, lokacin da mijinta ke aiki a masaƙa. Ba ta taɓa riƙe muƙami a zumuntar matan coci ba, kuma idan aka ce ta yi addu'a, kafin ka gama rufe ido ta ce amin. Amma a layinmu, duk matar da duniya ta yi wa zafi, Mama ce ke fara isa ƙofarta, kuma ba ta zuwa hannu sake. Da mudun acca take zuwa da ƙwarya biyu.

Wanda bai san acca ba, ƙwayarta ƙanana ce sosai, girmanta ɗaya da yashin da ake sussuke ta a kai. Ba a tsince ta da hannu, sai dai a rege. A zuba ta cikin ƙwarya da ruwa, a riƙa juyawa a hankali ana tsiyayewa cikin ɗaya ƙwaryar, accar ta bi ruwa, yashin ya kwanta a ƙasa. A zubar da shi, a sake, a kuma sakewa. Mai gaggawa ba ta iya wannan aiki, don ranar da ta yi faten acca duk gidan za su san ta yi, haƙora za su ba da labari.

To Mama sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Wance, idona ya mutu, zo ki taya ni rege accar nan." Idon da ke zura zare a allura ba tare da tabarau ba! Wa zai ce wa tsohuwa a'a? Sai a shimfiɗa tabarma a zauna. Hannunki na cikin ruwa, ba damar tashi. Idonki na kan ƙwarya, ba sai kin kalli fuskar kowa ba. Ita kuma ba za ta taɓa tambayar me ke damunki ba, sai labarin tsadar manja da rashin jin jikokinta. Can sai ki ji bakinki ya buɗe da kansa. Duk abin da kika faɗa, amsarta ɗaya ce: "Ina jin ki. Ƙaro ruwa."

Ni ma an yi mini. Shekarar da aka rufe masaƙa, mijina da shi ma ke aiki a can ya dawo gida ya zauna, ga 'yata Rahila a baya, ga wani cikin, na wayi gari ba na son ganin kowa. Mama ta zo da ƙwaryarta. Na yi kuka a kan accar nan har na ce ba sai an sa gishiri ba, ta yi dariya, ni ma na yi. Bayan nan ta dafa fate da yakuwa da gyaɗa, ta tsare ni sai da na cinye, ta yi 'yar gajeriyar addu'arta, ta goya Rahila ta tafi da ita har yamma. A wannan shekara gidaje da yawa a Kakuri sun ci faten Mama, har da na maƙwabciyarmu Hajiya, wadda ta ce ba ta taɓa ɗanɗana acca ba sai a hannunta.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Kaduna ta yau. Mun bar gidan haya, mun koma Narayi, kowa da katangarsa da ƙofar ƙarfe. Yaranmu sun ƙara gaba, sun gina a Mahuta, inda sai ka kira a waya kafin a buɗe maka. Ba za ta yi tsaki ba, na san ta, za ta yi murna da famfo a cikin kicin da murhun gas, ita da hayaƙin itace ya dama. Abin da zai ba ta mamaki shi ne acca. Yanzu a leda ake sayar da ita, wankakkiya, busasshiya, ba yashi ko ɗaya, ki farke ki zuba a tukunya. Ni kaina na yi farin ciki da haka, don bayana ba na da ba ne. Ban taɓa tunanin akwai ranar da zan nemi yashin ba.

Bara Rahila ta haifi tagwaye, namiji da mace. Murna ba a magana. Aka yi godiya a coci, muka yi rawa har zanena ya kusa kwancewa. Na yi mata wankan jego na koma gida, don ina da shago da nake dubawa, ga maigida da ciwon suga. Daga nan sai Rahila ta fara janyewa. Ta daina zuwa sujada. Idan na kira ta, "Lafiya lau, Momi, mun gode Allah," shi ke nan. Idan na je, labule a sauke, ta gaishe ni da ladabi, ta kawo ruwa, ta zauna tana kallon bango.

Na yi abin da mu iyayen zamani muka iya. Kullum da safe sai in tura mata aya a waya, da hoton fure a jiki. Da farko tana amsawa da amin, daga baya ko buɗewa ba ta yi. Matan zumunta suka je cikin anko, suka cika falo da waƙa, suka yi addu'a mai ƙarfi, ta raba musu lemo tana murmushi, suka fito suna cewa ai yarinyar lafiyarta ƙalau, gajiya ce kawai. Sai mijinta Dauda ya zo shagona da kansa, ya tsaya yana murza makullin mota. Ya ce, "Momi, ba ta cin abinci. Yaran na kuka, sai ta tsaya ta zuba musu ido. Ni tsoro nake ji in fita aiki in bar ta." A ranar na san cewa idan ba a kai ga zuciyar yarinyar nan ba, zan iya rasa ta, kuma tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Ina kicin washegari, na farke ledar acca zan yi wa maigida fate, sai na tsaya da ledar a hannu. Na ce wa kaina, Ladi, ke da aka yi wa magani da wannan abu, me kike jira? Ko murhun ban tsaya kunnawa ba, na ɗauki gyale na nufi kasuwa.

Jama'a, ku zo ku ga wahalar neman acca mai yashi a garin nan! Matar da na saba saya a wurinta ta buga ƙirji ta ce, "Madam, tawa klin ce, ko ƙwayar yashi ɗaya ba za ki samu ba." Na ce ai mai yashin nake so. Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Madam, ina fata komai lafiya?" Ta gaba da ita ta ɗauka gwada ta nake yi, ta fara rantsuwa. Na zaga rumfa rumfa, kowa na yabon tsabtar kayansa, ni kuma ina ƙi saboda tsabtar. Daga ƙarshe wani Malam mai hatsi, mutumin Makera, ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur yana ba ni haƙuri, ya ce daga ƙauye aka kawo, ba a taɓa ta ba, shi ya sa bai fito da ita ba. Na tura hannu na murza, na ji yashi na ƙaras-ƙaras a yatsuna. Wallahi kaɗan ya rage in yi guɗa a tsakiyar kasuwa. Ya tambaye ni ko kaji zan ba, na ce a'a, 'yata zan kai wa. Har yau ban san abin da bawan Allahn nan ya ɗauke ni ba.

Na sayi ƙwarya biyu sababbi, da yakuwa da gauta da gyaɗa, na hau keke sai Mahuta. Ban kira ba. Na buga ƙofa, na daɗe a tsaye cikin rana kafin na ji motsi.

"Momi, ba ki ce za ki zo ba."

"Idona ya mutu, Rahila. Zo ki taya ni rege accar nan."

Ni dai tawa ba ƙarya ba ce duka, tabarau na a hanci. Ta kalli ƙwaryar, ta kalle ni, ta matsa na shiga.

Muka zauna a bayan gida kusa da tankin ruwa, tagwaye na barci a ɗaki. A nan na gane cewa aikin Mama ba rege ba ne mai wuyar, shirun ne. Ni mai surutu ce, kowa ya sani. Ayoyi suka riƙa taso mini har maƙogwaro ina haɗiyewa. Shawara ta zo bakina, na mayar da ita. Na yi labarin Malam mai hatsi, ba ta yi dariya ba. Muka zubar da yashin farko, muka zubar da na biyu, ba abin da ake ji sai ƙarar ruwa. Na fara cewa a raina wataƙila dabarar ta mutu tare da mai ita.

Sai ta yi magana, idonta na kan ƙwarya. "Momi, idan na ɗauke su ba na jin komai." Ban ɗago ba. Ta ce kowa na cewa Allah ya ba ta albarka biyu, ita kuma ji take kamar 'ya'yan wata aka ba ta riƙo. Ta ce ta kasa addu'a, don kunyar Ubangiji take ji, wace irin uwa ce za a yi wa kyauta haka ta kasa murna. Ta ce duk ayar da na turo sai ta ji kamar ana nuna mata inda ta gaza.

Na ce, "Ina jin ki. Ƙaro ruwa."

Ta ƙaro, ta ci gaba. Ta yi magana, ta yi kuka, ta sake magana, har accar ta fita tas muna ta juya ta a banza. Sai da ta gama sarai na gaya mata cewa wannan ba zunubi ba ne, ciwo ne da ke kama mata bayan haihuwa, yana da magani, kuma Yesu bai taɓa korar mai ciwo ba. Na dafa fate, ta ci, ta ƙara. Na yi addu'a gajeriya, mafi gajarta a rayuwata. A makon muka je asibiti tare da Dauda, likita ya saurare ta ya ɗora ta a kan magani. Na bar wa ƙanwata shago, na kwaso kayana da na maigida muka tare a Mahuta na ɗan lokaci. Ba rana ɗaya ta warke ba. Akwai ranakun da muka koma baya, akwai waɗanda ta wuni a kwance ina jijjiga yara biyu a cinya.

Lahadin da ta wuce, wadda ta zo daidai da makon tunawa da Mama, Rahila ta shiga coci da ƙafarta, macen a bayanta, namijin a bayana. Da aka tayar da waƙa na ji muryarta a gefena, sai na kasa bin waƙar. A hanyar komawa gida ta jingo da kafaɗata ta ce, "Momi, kin san na gane ki ran nan? Wa bai san dabarar Kaka ba a gidanmu? Da na leƙa ta ƙofa na ga ƙwarya biyu, na so in yi shiru ki ɗauka ba na nan."

Na ce, "To me ya sa kika buɗe?"

Ta ce, "Duk wanda ya zo, magana ya kawo mini. Ke na ga zama kika zo yi."

Mama Saratu ba ta bar fili ba, ba ta bar gida ba, zannuwanta ma an raba su tun a makon farko. Hotonta ɗaya ne a falonmu, shi ma ya fara dusashewa. Na daɗe ina jin haushin cewa mace irin wannan ta wuce ba wanda ya san ta bayan layinmu na Kakuri. Bana haushin ya tafi. Matar da ke kwance a ƙauye shekara goma sha ɗaya ta shiga inda matan zumunta da wayata suka kasa shiga, ta fito mini da 'yata.

Ina cikin wannan rubutu Rahila ta kira. Wai namijin ya fitar da haƙori, ya gartsa mata cizo tana ba shi nono, in zo in ga abin da jikana ya yi mata. Tana faɗa tana dariya, dariya mai ƙara, har ba na jin rabin maganar. Na ɗaga wayar sama na bar ta tana yi. Mama, kin ji jikarki.