Littattafai Talatin da Ɗaya na Baban Sauro

Ranar Laraba, tara ga watan Mayu, da hantsi, Wanda ya ba mu aron Baban Sauro ya karɓi abinSa. Ina tsaye a kan injin kwafi a shagona na bakin ƙofar jami'a, 'yarsa ta fari ta kira ni. Ko sallama ba ta yi ba. "Yaya, Baba ya tafi," ta ce, ta kashe waya. Injin ya ci gaba da zubo takarda a ƙasa, ni kuwa na kasa miƙa hannu in tsayar da shi.

Baba, da kai zan yi magana yau, domin waɗanda ya kamata in yi da su sun ƙware wajen sauraro da murmushi su wuce.

Ga wanda bai san shi ba: shekara goma sha tara ya yi yana kula da ɗakin sauro na sashen nazarin ƙwari, a ƙarƙashin wani aikin bincike da wata jami'ar ƙasar waje ke ɗaukar nauyinsa. Kiwon sauro ake yi a can, cikin kejin raga, don a gwada magungunan feshi a kansu. Ɗaki ne marar taga, mai zafi da laima, minti goma a ciki riga ta manne a baya. Macen sauro ba ta yin ƙwai sai ta sha jini. Masu aikin sun aiko da na'urar shayarwa, kyakkyawa, mai son wutar lantarki ba yankewa. Har yau tana cikin kwalinta a saman kabad. Sai kai, Baba, kowace Litinin da Juma'a, ka naɗe hannun riga, ka zura dantsenka cikin keji, ka zauna minti ashirin ba motsi. A rahoton da ake aikawa waje, wanda ni nake bugawa, an rubuta cewa ana ciyar da su "ta hanyar da ta dace da yanayin wurin". Hannunka ne yanayin wurin.

Ni ban yi jami'a ba. A aji uku na sakandare na tsaya. Karatuna duk a kan injin nan na yi shi: abin da aka kawo in kwafa, sai na karanta. Ranar da muka fara haɗuwa ka zo sayen littafin rubutu da fensir, ka same ni ina karanta kundin wani ɗalibi ina surfa masa zagi. Ka tsaya ka gama saurare, sannan ka ce, "Kai Farfesan Kwafi, karatun ka iya ko zagin?" Na ce duka biyun. Ka ce to in zo ranar Juma'a da karatun, in bar zagin a shago. Na zo da duka biyun. Shekara shida ina zama a kan bokitin da ka kife mini, ina karanta maka takardun da aka wallafa da aikin hannunka, kai kuma hannu cikin keji kana gyara mini: nan gaskiya ne, nan ba haka aka yi ba, nan ranar ma ba su shigo ɗakin ba. Kai ne mutum na farko da ya tambaye ni me na fahimta, ya kuma jira amsa.

Suna kiran tsarin nasu da sunan musayar ɗalibai. Na ƙirga daga rahotanninsu: a shekara goma sha tara, ashirin da uku ne suka zo daga can, huɗu suka tafi daga nan. Wannan ita ce musayar. Kowane baƙo a hannunka ya koyi riƙe bututun kama sauro, a hannunka ya koyi bambanta mace da namiji. Akwai wadda muke kira Doguwa. Makonta na farko ta shigo ɗakin da turare a jiki, kafin washegari rabin keji ya kwanta. Ta zauna a bakin ƙofa tana kuka, tana cewa za a mayar da ita gida. Ka ce wa Farfesa, shugaban aikin, zafi ne ya yi yawa, ka ɗauki faɗan a kanka, ka ƙara ranar ciyarwa ta uku a mako har kejin ya farfaɗo. Dantsenka ya yi wata guda a kumbure. Yau Doguwa dakta ce, ita ke riƙe da aikin daga can.

Sau ɗaya aka sa sunanka cikin masu tafiya horon mako uku. Ka yi fasfo, Inna, matarka, ta wanke maka jaka ta shanya. Saura kwana goma aka ce ƙa'idar masu ba da tallafi sai mai digiri. Aka tura wani malami da bai taɓa wuce bakin ƙofar ɗakin ba, ya je ya koyo abin da kai ka koya wa masu koyarwar. Na zo ina huci, ina cewa zan je ofishin Farfesa in gaya masa abin da uwarsa ba ta gaya masa ba. Ka yi dariya ka ce, "Zauna, bakinka ya fi na sauro tsini. In na tafi wa zai ciyar da yaran?" Yara kake ce musu. Na yi fushi da kai ranar, Baba, kuma har yanzu ban gama hucewa ba. Haƙurinka ya yi musu daɗi da yawa.

Ba zan yi ƙarya in ce sauro ne ya kashe ka ba. Ciwon ƙoda ne, kwana kuma ya ƙare. Amma zan faɗi abin da na sani, don ni na kwafi takardun. Kowane baƙo da ya zo, an rubuta asibitin da za a kai shi ko da ciwon kai ne. Kai kuwa duk wata shida ake sabunta maka takarda a matsayin ma'aikacin wucin gadi, sau talatin da takwas, kuma na wucin gadi ba shi da asibiti. Ƙafarka ta kumbura har takalmi ya daina shiga, kana zuwa da silifa, ba wanda ya duba ƙasa.

Washegarin rasuwarka Farfesa ya zo gaisuwa. Ya zauna, ya yi addu'a mai tsawo, ya ce aikin ya yi rashin ginshiƙi. Da zai tashi sai ya rage murya ya ce wa Inna, "Maman yara, a yi haƙuri, makullin ɗakin fa?" Na miƙe tsaye, maganar ta riga ta zo mini wuya. Inna ta riƙe gefen rigata ba tare da ta kalle ni ba. "Ɗana, ba a nan ba." Ta shiga ta ciro makullin daga aljihun rigarka da ke rataye, ta miƙa masa.

Ranar Juma'a saƙon Doguwa ya iso. Layi uku na jimami, layi goma sha ɗaya na littattafai. Aikin zai rufe ƙarshen shekara, in ji ta, kuma littattafan rajistar da ka cika mallakar aikin ne, don haka ranar Litinin mota za ta zo a kwashe su a aika can, a adana. Littattafai talatin da ɗaya, waɗanda da kuɗinka ka saye su ɗaya bayan ɗaya, na baya-bayan nan a shagona, waɗanda ka kwaso gida tun da rufin ɗakin ya fara yoyo.

Ga abin da ya hana ni zama. 'Yarka tana shekarar ƙarshe a wannan sashen, kuma kundinta a kan tambaya ɗaya yake: me ya sa sauron kiwo ke mutuwa gaba ɗaya a wasu makonni? Lambobin da aka shigar a kwamfuta aka aika waje sun nuna ranar mutuwa, ba su nuna dalili ba. Dalilin yana gefen shafi, a rubutunka: an ɗauke wuta kwana uku, an canja rijiyar da ake ɗebo ruwa, an yi fenti a ɗakin kusa, baƙuwa ta shigo da turare, kada a faɗa. Idan littattafan suka tafi, sai ta cike takardar neman izinin karanta rubutun mahaifinta, ta jira kwamitin da ke zama sau biyu a shekara. Ita kuwa wata biyu ya rage ta kare kundinta.

Inna ce ta turo mini kwalin littattafan da safiyar Asabar, a bayan babur, da saƙo ɗaya: "Ka ce ba a bar ka ka yi magana ba. To ga wurin maganar." Na rufe shago, na liƙa takarda a ƙofa. Sai ga matsalar da kai ka bar mana. Da fensir kake rubutu, don laimar ɗakin tana narkar da tawadar biro. Injin kwafi kuwa ba ya ganin tsohon fensir. Na murɗa duhun injin har ƙarshe, shafi ya fito kamar toka. Na rage, rubutu ya ɓace. Kowane littafi sai na nemo masa nasa daidai. Inda ya gagara, 'yarka ta ɗaga shafin ga hasken ƙofa tana karantawa, tana sake rubutawa da biro a kan kwafin. Littafi na huɗu ya ci mana rabin yini. Ta ce, "Yaya, Baba bai iya rubuta bakwai ba, kamar ɗaya yake yin ta." Muka yi dariya, sannan ta kifa kai a kan injin.

A littafi na ashirin da shida na ci karo da kaina. Gefen wata Juma'a ka rubuta: Farfesan Kwafi ya karanta mini shafi tara, ya zagi marubucin sau huɗu, uku daga ciki yana da gaskiya. Ban san kana ƙirgawa ba, Baba.

Da la'asar ɗin Lahadi muka gama. Ranar Litinin mota ta zo, muka miƙa talatin da ɗaya cif, ko kusurwar shafi ba mu yage ba. Su adana. Kwafi biyu na ɗaure da baƙin bango: ɗaya yana kan teburin 'yarka, ta riga ta fara babi na huɗu; ɗaya yana kan kantar shagona, duk ɗalibin da ke so ya zo ya zauna ya karanta, ba takardar neman izini, ba kwamiti. Farfesa ya aiko a gaya mini aikin sashensu ya daina zuwa shagona. Na ce a gaishe shi.

Yaranka kuwa, Baba, kada ka tambaya. Makulli ya koma hannun masu digiri, amma ba a samu dantse ko ɗaya ba. Kafin mako uku keji ya yi tsit. Na ji ana shirin rubutawa waje cewa zafi ne ya yi yawa. Wannan karon babu mai rubuta gaskiyar a gefen shafi.

Allah Ya jiƙan ka, Baban Sauro. Ya yafe maka kurakuranka, Ya sanyaya maka makwanci fiye da yadda ɗakin nan ya ƙona ka, Ya sa kowane ɗigon jinin da ka bayar don wani yaro ya kwana lafiya ya tarar da kai a mizani. Inna, Allah Ya ba ki haƙurin da ba na cuta ba. Ƙannena 'ya'yan Baba, Allah Ya raya ku a kan halinsa. Ke kuma ƙanwata, ranar da za ki tsaya gaban malamai, ki ɗauki baƙin kundin nan ki ajiye a gabansu. In sun tambaye ki daga ina bayanan suka fito, ki buɗe musu shafin ƙarshe, Juma'ar da ya je aiki da silifa, inda ya rubuta: sun ci sun ƙoshi, hannun hagu.