Makara a Bakin Layin Dogo

"Na ce maka jirgin ya bar wajena, Abu Sabir. Mai dakon rake ne, kuma shaƙe yake," in ji Girgis ta cikin waya. "Ko sai na rubuto maka wasiƙa?"

"Minti nawa?"

"Bakwai, in bai tsaya shan shayi ba. Ja sarƙarka."

Haridi, wanda kowa ke kira Abu Sabir, ya ajiye kan wayar. Shekara ashirin da biyu yana gadin inda hanyar ƙauyensu ta ratsa layin dogo, can kudancin Masar. Kayan aikinsa ba yawa: waya, jar tuta, sai sarƙa biyu. Girgis, mai ba jirage hannu a tashar da ke kudu da su, sau uku kacal suka taɓa haɗuwa, amma Haridi ya san muryarsa har yakan gane in mura za ta kama shi. Gonakin rake sun rufe kwanar layin, saboda haka muryar nan ita ce idonsa.

Yana maƙala sarƙa ta biyu don tare hanyar sai ya jiyo hailala. Jana'izar surukinsa ce, Haj Abdussabur, wanda ya rasu da safe. Wanda ke canjin Haridi a wajen gadin na kwance ba lafiya, shi ya sa ko sallar bai samu ba. Maƙabarta kuwa tana ƙetaren layi.

A garin, da sassarfa ake ɗaukar gawa. In makara ta yi sauri, a ce mutumin kirki ne, yana ɗokin abin da ya tanada. In ta tsaya a hanya, za a shekara ana raɗa.

Fahim, wan matarsa, shi ne a gaba, gumi ya jiƙa masa rawani.

"Sauke sarƙar nan, Abu Sabir!"

"Jirgi na tafe, Yaya."

"Ina yake? Ku jama'a, wa ya ga jirgi?"

Layi shiru, sai ƙyallin rana. Wani daga baya ya ce, "Wataƙila a mafarki ya gan shi!"

"Mutumin da ya ba ka 'yarsa," in ji Fahim, "shi za ka tsayar a rana kamar jaki da kaya? Me kake so a ce da shi gobe?"

"A ce ni na tsayar da shi. Ku faɗa wa kowa haka."

"Taku goma ne fa!"

Haridi ya dubi mutanen, sun fi ɗari, har da tsofaffi masu dogara sanda. Ba taku goma ba ne. Ya duba agogo: minti bakwai ta cika, babu ko hayaƙi. Fahim ya kai hannu kan ƙugiyar sarƙar. Haridi ya ɗora nasa a kai, ya danne. Hailala ta mutu. Ya san in Girgis ya yi kuskure yau, shi da gidan surukansa sun rabu har abada.

Sai ƙarfen layin ya fara tsuwa ƙasa-ƙasa. Jirgin ya ɓullo daga cikin rake da ruri, tarago na bin tarago, iskarsa na kaɗa koren mayafin makarar. Fahim ya janye hannunsa a hankali.

Da na ƙarshe ya wuce, Haridi ya sauke sarƙoƙin. Fahim bai dube shi ba, ya dai matsa gefe, ya bar masa ƙafar makara ta gaba. Haridi ya sa kafaɗa, ya ƙetare layin da surukinsa, yana hailala.

Wayar ta yi ƙara a rumfar gadinsa. Ya miƙa wa na kusa da shi ƙafar makarar, ya goge ido da hannun riga, ya juya ya nufi wayar.