Tsamin Inna a firizar Kawu

Shekarun baya, lokacin da ko sabulu sai an yi layi ake samu, tandar wainar mahaifiyata ce ke riƙe da gidanmu. Ƙauyenmu yana tsakanin Bagwai da Ɗanbatta. Babanmu ya rasu, damina kuma ta yi ta zuwa rabi da rabi, rumbu ba ya kai mu ko bazara. Cinikin da Inna ta yi da safe shi ne tuwonmu na dare.

Inna ba ta aiki da yis na kanti, a lokacin ma ya ɓace daga kasuwa. Abin da take da shi tsami ne, wato ɗan ƙullun da take ragewa a gindin tukunya kullum, ta zuba sabo a kai, ya kwana ya tashi. Wajen kakarmu ta gaje shi, kuma tana maganarsa kamar wani ɗan gida. A wurinta ba shi da abokin gaba sai sanyi. Da hunturu ya shigo ƙullu ya fara nawar tashi, sai ta shigar da tukunyar ɗakinta ta lulluɓe da bargo, mu kuwa a bar mu da zannuwa. Na sha yin mita a kan bargon nan.

Wata bazara ciwon ciki ya kwantar da ita, aka ce sai an yi mata aiki a Kano. Ni ce babba, ni zan yi jinya. Ana haɗa kaya, ita tambayarta ɗaya ce: wa zai riƙe tsami? In ya yi 'yan kwanaki a wannan zafi ba a ba shi sabon ƙullu ba, ruɓewa zai yi. Na zaga maƙwabta, duk sun daina suya. Wata ta ce min, "Ke 'yar nan, yaran ma ban ƙosar da su ba, tukunya zan ciyar?" Ban ga laifinta ba.

Sai ga Kawu, ƙanin Inna, ya zo raka mu tasha. Yana da shagon lemo da ƙanƙara a Ɗanbatta. Ya ce, "Yaya, ba ni shi, ki kwantar da hankalinki." Muka juye masa a kwano mai murfi. Mu duk zatonmu matarsa zai kai wa ta riƙa kula da shi. Mun manta cewa Kawu bai daɗe da sayen wata tsohuwar firiza ba, kuma ya yi imani da ita fiye da kima. A ganinsa ba abin da zai shiga cikinta ya lalace.

Zaman asibitin da muka ɗauka na kwanaki ne ya ja mu makonni. Muka dawo Inna ta rame, da ƙyar take taka ƙafa. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce a aika wa Kawu.

Washegari ya iso yana fara'a, da ƙunshi a buhu. Ya kwance ya buɗe murfin. Ƙullun ya daskare kamar dutse, sanyi na tashi daga kansa.

Inna ta taɓa da yatsa, ta janye hannu. Ta ce, "Ɗan'uwana, me na yi maka?"

Ya ce, "Yaya, ai ko wari bai yi ba. Shinshina ki ji."

"Abin da nake rufa wa bargona, shi ka kai ka kwantar da ƙanƙara?"

Ni kuma da na yi sakandare, ina ganin ba wanda ya kai ni sani a gidan, na ƙara wa wutar itace. Na ce ai ba mai ran da zai shiga irin wannan sanyi ya fito, ko a littafi haka yake. Wane littafi? Har yau ban san shi ba. Kawu ya tashi ko ruwa bai sha ba, ya tafi.

Abin da ya biyo baya shi ya tsorata ni. Inna ta juya fuskarta bango ta ce ta gama suya. Likita ya ce ta riƙa cin abinci tana ɗan tattaki, ta ƙi duka biyun. Ina ji ina gani matar da ta tsallake wuƙar asibiti tana neman sakin jiki saboda kwanon ƙullu. Ga ƙanne, ga hatsi ya kusa gindin buhu.

Ba ta yarda a zubar da shi a ƙasa ba, ta ce in ya narke a ba akuya. Na dama shi da ɗan garin gero da ruwan ɗumi don akuyar ta samu na kirki, na rufe na tura bayan murhu kafin a dawo da ita daga kiwo. Masu sannu suka yi ta shigowa, na manta da shi ɗungurungum. Ya kwana, ya sake kwana.

Na zo kwashe toka da hantsi sai wani ƙamshi ya doke ni, ƙamshin da na tashi a cikinsa. Na leƙa. Murfin ya karkace, ƙullun ya kumbura har ya zubo ta gefe. Ban san lokacin da na ɗauka a guje ba.

Inna ta shinshina, ta lakata ta ɗanɗana. Sannan ta kara kunnenta a bakin kwanon, ta daɗe a haka, hawaye na bin kuncinta. Ta ce, "Yana numfashi. Ashe barci yake yi." Ta miƙo min hannu. "Kama ni in tashi. Ina tandar?"

Na ce, "Inna, likita fa ya ce a hankali."

Ta ce, "Ya ce in yi tattaki. To, zuwa murhu zan yi."

Sai bayan shekaru wata ƙawata mai koyar da kimiyya ta fahimtar da ni. Ta ce 'yan halittun da ke tayar da ƙullu, in sanyi ya yi tsanani, tsayar da aikinsu suke yi. Da yawa sukan mutu, amma wasu suna da wani sukari a jikinsu da ke kare su, su jira ɗumi ya dawo. Har a ƙasashen da ƙanƙara ba ta narkewa, in ji ta, ana samun danginsu da rai. Na dai ce Allah mai iko.

Duk lokacin da na tuna, godiya ce ke cika min zuciya. A cikinmu ba wanda ya san abin da yake yi, har Kawun kansa. Shi dai ya karɓi abin da kowa ya ƙi karɓa, ya adana shi iya saninsa, kuma a kan haka muka ci muka rayu har shekarun suka sassauta. Na daina saurin yanke wa abu hukuncin mutuwa don na gan shi shiru, mutum ne ko sana'a.

Inna ba ta taɓa buɗe baki ta ba ƙaninta haƙuri ba, ba halinta ba ne. Amma duk ranar kasuwa, wainar farko da ta fito daga tanda ba ta sayarwa. A ganye take naɗe ta, a ba direban motar Ɗanbatta ya kai shagon Kawu. Haka ta yi har Kawu ya koma ga Allah. Ranar kasuwar da ta biyo bayan rasuwarsa ma sai da ta naɗe, ta tsaya da ita a hannu tana kallon hanya.