Injiniya Mai Sunan Baba

Har gobe ban manta da wata safiyar Lahadi a shekarar 2014 ba, lokacin ina direba a wani kamfanin gine-gine a Dir'iyya, a ƙasar Larabawa. Dokar wurin ita ce, duk direban da ya iso ƙofa sai ya ɗauki oba-oba, wato rediyon magana na hannu, ya faɗi cikakken sunan wanda ya ɗauko kafin a ɗaga masa ƙarfe.

Ranar aka haɗa ni da sabon injiniya, Bature daga ƙasar Wales. Na duba sunan da ke katinsa. Sunan mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. A takarda nake rubuta muku shi, ba da baki ba: Idris. A gidanmu ba a faɗar sunan uba, ko ƙanena da ya ci sunan, Abba muke ce masa.

Na danna oba-oba na ce, "Mota ta bakwai, injiniya mai sunan Baba."

Mudir, wato shugaban direbobi, ya fito yana huci. "Ya Sani, wane ne Baba? Faɗi sunan!"

"Ga katinsa, ranka ya daɗe, karanta."

"Kai za ka faɗa. In ba haka ba, yau zan mayar da kai wurin kafil, ubangidan da ya tsaya maka, ya soke iƙamarka."

Soke iƙama, wato takardar izinin zama, na nufin jirgi zuwa Kano, ga 'ya'ya huɗu a makaranta. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Amma na ajiye masa makullin motar a kan bonet na ce, "Shekara arba'in bakina bai faɗe shi ba, ba zai fara a ƙofar kamfani ba."

Injiniya ya sauko ya tambayi abin da ke faruwa. Na yi masa bayani da guntun Turancina, har na tambaye shi ko Musulmi ne. Ya yi dariya ya ce a'a, sunan nasu ne tun kaka da kakanni, ba daga Larabci ya zo musu ba. A harshensu yana nufin shugaba mai zafin himma. Wani sarkinsu na dā ya amsa shi, har akwai dutsen da suke kira kujerarsa. Shi kuma sunan kakansa ya ci, mai haƙar kwal.

"Mu muna girmama shi da yawan faɗa, ku da yin shiru," in ji shi. Sai ya karɓi oba-oba ya faɗi sunansa da kansa. Mudir ya ce a ɗaga ƙarfe.

Shekara biyu muka yi tare, kullum shi yake sanar da kansa a ƙofa. Mudir bai yafe mini ba, ya hana ni hutun sati har wata uku, na kuma shanye.

Ku direbobi da kuka zo kwanan nan, ku bi dokar aiki, ku iso kan lokaci. Amma tun kafin ku isa ƙofa, kowa ya san abin da ba zai yi ba ko da za a karɓe makullin.