Kiɗan da Mama Ke Kira Hayaniya

Babanmu ya shekara arba'in yana busa saksofon, Mama kuma ta shekara arba'in tana kiran abin hayaniya. Shi ne shugaban wata ƙungiyar masu kiɗan jaz, su biyar, suna wasa a otal-otal da gidan rediyo. Asalinsa tela ne. Ya sayi wani tsohon saksofon da ya lotse a gefe, ya koya wa kansa, har maƙwabta suka gaji da kawo ƙara.

Baba bai taɓa rubuta kiɗa a takarda ba, taurin kai ya hana shi koyo. In ya ƙirƙiro sabo, sai ya shige ɗakin ajiya da ke jikin kicin, ya jiƙa ɗan itacen bakin saksofon a kofin shayin Mama, ya yi ta maimaitawa wata da watanni. Sai ya gamsu yake busa wa yaran ƙungiyarsa, kowa ya ɗauki nasa da ka. Yaran nan kuwa, ƙaraminsu, mai kaɗa jita, furfura ta gama cinye masa kai.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Baki ya karkace, magana ta ɗauke. Rashin tafiya bai dame shi ba kamar sabon kiɗan da ya yi wata shida yana gyarawa, bai kai ga busa musu ba. Kullum sai ya nuna kansa, ya nuna akwatin saksofon.

Wata Asabar da hantsi yaran suka zo da kayansu, suka cika mana falo. Baba ya riƙa buga hannun kujera da hagu, mai ganga ya kama saurin kiɗan. Amon ne ya gagara. Mai fiyano ya yi ta lalube, ya gwada wannan ya gwada wancan, Baba na girgiza kai har hawaye suka zubo masa. Ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba.

Sai ga Mama daga kicin tana goge hannu a zani. Ta ce wa mai fiyano, "Ba haka ba ne, ɗan nan. Sama yake hawa, ya ɗan tsaya, sannan ya sauko a hankali."

Ta rera shi da baki rufe, tun daga farko har ƙarshe, har da wuraren da Baba ke tsayawa ya ja numfashi. Baba ya zuba mata ido.

"Kallon me kake min, Malam? Wata shida ana ɗura min shi a kunne ina wanke-wanke. Kuma har gobe hayaniya ce."

Ta share masa fuska da bakin mayafinta, ta zauna a hannun kujerarsa, ta ce su koma daga farko, mai jita na yin gaggawa.